Mahaɗin da Ba a Aiko Ba

Kalgo, farkon Satumba

Zuwa ga Kawu Atiku mai magani, Gwandu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen gida baki ɗaya. Mu nan ƙalau muke, sai maigidana Sirajuddeen da ya ɗan taɓa zazzaɓi, ya kuma warware. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san halinka, da an taɓo zancen magani sai ka ce waya tana da kunne, ka kashe. To ga takarda, Nasiru direba zai miƙa maka hannu da hannu.

Kawu, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ranar kasuwa na shigo Gwandu duba Inna, tun daga tasha nake jin lasifika tana kiran sunana. Na ɗauka kunnena ne. Da na matso sai ga motarka da kwalabe jere, muryarka tana cewa a zo a sayi maganin ciwon suga na gidan Malam Abdulgani, wanda ɗiyarmu Halimatusa'adiya ta gwada a jami'a ta tabbatar ba shi da illa. Har sunan mahaifina ka haɗa, Allah ya jiƙansa, don kada wani ya yi kuskuren wace Halima ake nufi. Na ja mayafi na rufe fuska kamar wadda ta yi sata.

Bari in tuna maka yadda muka yi. Ni na roƙe ka, saboda kakanka da kakan Inna wa da ƙane ne, kuma ina son binciken digirina na biyu ya kasance a kan abin gidanmu. Ka aiko min ƙulli uku, sassaƙen marke da sassaƙen maɗaci da ganyen sabara. Na dafa su yadda ka ce, na ba fararen ɓerayen da muke kiwo don gwaji, na auna jininsu, na duba hantarsu da ƙodarsu. Abin da na rubuto maka shi ne ban ga illa ba tukuna, aiki bai ƙare ba, kada ka faɗa wa kowa. Ka ɗauki farkon maganar ka hau lasifika da ita, ka bar sauran a aljihu.

Abin da ya fi ƙona min rai, na tarar Inna ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti, naka take sha safe da yamma. Na ɗauko kwalba ɗaya daga ƙarƙashin gadonta. Kawu, wannan ba shi ne abin da na dafa ba. Nawa ja ne garau. Wannan ya yi duhu, ɗacinsa yana riƙe maƙogwaro ko an kora da ruwa, ga wani wari da nawa ba shi da shi. Ina tambayarka cikin ladabi, abin da ka aiko min shi ke nan, ko akwai saura?

Ka cire sunana daga lasifikar nan. Na fara ba wasu ɓerayen abin da ke cikin kwalbar. Ka gaida mutanen gida.

Ɗiyarka,
Halimatusa'adiya

Gwandu, Satumba

Zuwa ga ɗiyata Sa'adiya.

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da maigidanki ya samu sauƙi. Mu ma lafiya lau, ruwa ya yi, gero ya yi kyau.

Na karanta takardarki har sau biyu, don da farko na zaci wani alƙali ne ya aiko min sammaci. Ashe ke ce, yarinyar da na yi wa turaren shawara tana jaririya, idonta kamar an zuba kurkum. Ran nan babu wanda ya ce a jira ɓera ya ɗanɗana tukuna.

Me na yi na laifi? Kin ce ba ki ga illa ba, ni ma na ce ba ki ga illa ba. Na kira sunanki a kasuwa don ina alfahari da ke, zuriyarmu ta samu wadda ta yi karatu har ake jin maganarta. Wasu iyayen neman irin wannan suke ba su samu ba. Ke kuwa kin rufe fuska kin wuce motata ko sallama babu, sai daga baya na ji a bakin masu sayar da albasa cewa kin shigo gari. Wannan ya yi min ciwo fiye da duk abin da kika rubuta.

Batun launi da ɗaci, ke a kwalbar gilashi kike dafawa a kan wutar lantarki, ni a tukunyar ƙasa da itace. Yaya za a yi su zo ɗaya? Maganin nan kakana Malam Abdulgani ya ba mutane, ubana ya ba mutane, ni ma gemuna ya yi fari ina bayarwa. Mahaifiyarki Jummai kuwa 'yar'uwata ce kafin ta zama uwarki. Jiya ta aiko a ƙaro mata, ta ce jikinta ya yi sakayau. Kina ganin zan ba jinina abin da zai cuce ta?

Ki ci gaba da kiwon ɓerayenki, Allah ya ba da sa'a. Ni zan shiga dajin Dalijan neman itatuwa, sai na dawo.

Kawunki,
Atiku

Kalgo, Oktoba

Kawu Atiku,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka dawo lafiya. Mu muna nan, amma ni dai ba na barci.

Na yi maka tambaya ɗaya, ka amsa min da tukunyar ƙasa. Na sayi tukunyar ƙasa a kasuwar Kalgo, na hura itace a bayan ɗakin gwaji, abokan aikina suna min dariya. Ja ya fito, garau, kamar na farko. Ba tukunya ba ce, Kawu. Akwai abin da kake sawa wanda ba ka aiko min ba.

Ga abin da ya samu ɓerayen, tunda ka mai da su abin tsokana. Waɗanda suke shan haɗin da na dafa da ƙullinka uku suna nan garas, suna faɗa a kan abinci. Waɗanda suke shan na kwalbarka sun rame, gashinsu ya tashi, sun daina ci, wasu sun mutu. Malama Dibora, wadda ke kula da ɗakin gwajinmu, ita ta taya ni buɗe su. Ƙodarsu ta koɗe ta lalace. Muka auna jini, dattin da ya kamata ƙoda ta tace ya taru ya yi yawa. Malama Dibora ta dube ni ta ce wa ke shan wannan abin? Na kasa ce mata uwata ce.

Na je Gwandu washegari. Ƙafafun Inna sun kumbura, takalminta ba ya shiga, fuskarta ta yi suntum, ita kuma tana murna wai ta yi ƙiba. Na kwashe kwalaben na tuttular a kwata. Ban taɓa ganin Inna ta yi min irin wannan faɗan ba. Ta ce, “Ke ɗiyag ga, mi ya same ki? Duk Gwandu an ji ɗiyata ta tag gwada wanga magani, sannan ki zaka ki ce in bari? Ba ni bari nai.” Na rantse mata ban gwada wannan ba, ta ce kunya ce irin ta 'yan boko, ba na son a yabe ni. Ka ga inda ka kai ni? Ka sa sunana ya fi bakina ƙarfi a wurin uwata. Kafin in iso Kalgo an ce har ta aika gidanka an kawo mata wasu.

Na roƙe ta ta biyo ni asibiti, ta ƙi. Kai kaɗai za ta ji. Ka je ka ce mata ta daina, ka kuma faɗa min abin da ke ciki. Ba na neman ya zama nawa, ba zan sayar ba, ba zan buga a takarda ba in ba ka so.

Halimatusa'adiya

Kalgo, ƙarshen Oktoba

Kawu,

Gaisuwa. Ba ni da labarin lafiya da zan ba ka.

Nasiru ya ce ya ajiye takardata a gidanka. Na yi ta zuba ido, shiru. Wayarka a kashe, amma motarka tana fita kasuwa, muryarka da aka ɗauka tana ta kiran sunana, ko ranar da ba ka gari ba ta hutawa. In ka yi kunnen uwar shegu da ni ne don na taɓa maka girma, to ka ci nasara, na ji zafi. Amma ba ni ke kumbura ba. Inna yanzu fitsari ma da ƙyar take yi, tana amai, kuma kwalbarka tana gefen filonta.

Ban taɓa zaton zan rubuta wa babba irin wannan ba. In wani abu ya samu Inna, kai da ni sai a gaban Allah.

Halima

Gwandu, Nuwamba

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Jiya na dawo, na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin buzuna, iyali ba su buɗe ba don ba a buɗe min takarda. Daga Dalijan na zarce Maruda wurin wani mara lafiya, babu wuta balle cajin waya. Ban yi shiru don in ƙuntata miki ba, amma ke har kin kai ni gaban Allah. Madalla da tarbiyya.

Tunda kin matsa, ki ji. E, akwai mahaɗi. Kowane magani na gado yana da mahaɗinsa, wanda in babu shi sauran itatuwan ruwan ɗaci ne kawai. Ba a aika mahaɗi a mota. Ba a faɗa wa mata, don mace aure take ta tafi da shi wani gida. Ba a faɗa wa ɗa ma sai uba ya ga tafiya ta zo. Ni a kunne ubana ya raɗa min yana kwance, ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan fitar da shi ba sai ga magajina. Duk mai magani daga nan har Argungu in kika ce ya ba ki haɗinsa, abin da na ba ki zai ba ki, ya riƙe ɗaya. Kowa ya san haka. Na zaci ke ma kin sani, ashe karatu ya raba ki da gida. Ban yi miki ƙarya ba, na yi abin da ake yi ne.

Kuma wa ya ce miki mutum ɓera ne? Abin da zai kashe ɓera ɗan mitsitsi, mutum zai sha ya tafi gona.

Kin zubar da maganin kakanninki a kwata, maƙwabta suna kallo. Matan unguwa suna ta yi da ni, wai ɗiyata ta ce guba nake sayarwa. Wannan ba zan manta da shi da wuri ba. Duk da haka Jummai tawa ce. Zan rage mata mahaɗin a nata, in haɗa mata na kumburi. Sunansa kuwa, kada ki sake tambayata.

Atiku

Asibiti, Birnin Kebbi, Nuwamba

Kawu,

Sallama. Kana tambayar lafiya ko ba ka tambaya, ga ta nan. Inna ta faɗi a banɗaki, maƙwabta suka sa ta a motar Nasiru. A kan gwiwata nake rubuta wannan a barandar asibiti. Likita ya ce ƙodarta duka biyu sun kusa tsayawa, an fara yi mata wankin ƙoda. Ya tambaye ni me take sha. Ni da ake kiran sunana a kasuwa cewa na gwada na tabbatar, na tsaya ina kallonsa kamar doluwa, na ce ban sani ba.

Ka ce kowa ya san ana riƙe ɗaya. To in ka san ka riƙe, ka san abin da na gwada ba shi ne abin da kake sayarwa ba. Da wane baki ka ce na gwada? Rantsuwarka ta hana ka faɗa min sunan saiwa, amma ba ta hana ka ɗora sunana a kan abin da ban taɓa gani ba. A nan ne nake jin kamar in yi ihu. Riƙe sirrinka al'ada ce, na yarda. Jingina shi a wuyana ba al'adar kowa ba ce, kai ka ƙirƙiro.

Batun ɓera, ba ma ba shi ludayin mutum. Daidai nauyin jikinsa muke auna masa, kamar yadda ba ka ba jariri abin da kake ba ƙato. Batun Malam Abdulgani kuma, Inna ta sha ba ni labarinsa. Ludayi guda yake ba mai ciwon ciki, in ya kwana biyu ya ce ya isa haka. Bai taɓa ɗura shi a kwalba ya ce a sha safe da yamma har ƙarshen rai ba. Ciwon suga ba ya tafiya, don haka mai shan naka ba ya dainawa. Ka gaji maganin, ba ka gaji ludayin ba.

Kada ka rage komai, kada ka haɗa na kumburi. Ba na son ko ruwan randarka ya matso kusa da ita. Har yanzu tana ce wa masu jinya ɗiyarta ce ta gwada, ciwon daga Allah ne. Ka zo ka dube ta da idonka, in ka iya.

Halima

Gwandu, Nuwamba

Ɗiyata Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Na zo asibiti shekaranjiya da hantsi, aka ce kin tafi karɓo sakamakon jini. Ban jira ki ba, kuma ba zan ce miki don sauri ba ne.

Na zo da fushina, na kuma zo da kwalba a aljihun babbar riga, wadda na rage wa mahaɗi kamar yadda na ce. Da na shiga ban gane Jummai ba sai da ta yi magana. Yarinyar da muka yi wasan ƙasa tare, ga ta kwance, robobi sun shiga wuyanta, jininta yana fita yana zagayawa cikin inji. Ta kama hannuna ta ce, “Atiku, ka taho mini da shi? Miƙo in ɓoye kahin ta dawo.” Hannuna yana kan kwalbar. Na ce, “Jummai, ɗiyarki ba ta gwada wanga ba. Abin da nib ba ta daban, abin da kinka sha daban.” Sannan ta ce, “To mi yas sa kac ce ta gwada?” Ta saki hannuna ta juya fuska bango.

Ga ƙulli nan Nasiru zai ba ki. Saiwar duman dutse ce, wasu suna ce mata maɗacin ƙasa. Na karya rantsuwar da na yi wa ubana, zan yi kaffara, sauran tsakanina da shi ne ranar da muka haɗu. Har yanzu zuciyata ba ta gama yarda cewa abin da ya tashi mutane da yawa shi ya kwantar da ita ba. Amma ki gwada. Na kwance lasifikar daga kan mota, tana cikin zaure, ba za ki sake jin sunanki a kasuwa ba.

Kawunki,
Atiku

Kalgo, Disamba

Kawu Atiku,

Wa alaikumus salam. Na gan ka wurin jana'izar Inna, na gan ka wurin addu'ar bakwai, ka zauna can ƙarshen tabarma. Na amsa ta'aziyyarka kamar ta kowa don ba wurin magana ba ne. Yanzu na dawo Kalgo, ga maganar.

Ƙullinka ya iso. Ban buƙaci ɓera ko ɗaya ba. Da Malama Dibora ta ga sunan sai ta dafe kai, ni ma na san shi tun ina ajin farko. Dangin wannan tsiron an daɗe da sanin suna cin ƙoda a hankali, ba a ji ba a gani, sai ta ƙare. Da ka sa shi cikin ƙullin farko, da ranar zan kira ka in ce ka cire, ko ka kashe waya zan hau mota in zo. Wannan ne yake hana ni barci. Amsar tana ɗakinka, ilimin yana ɗakina, tsakaninmu tafiyar hantsi ce a motar Nasiru.

Ba zan ɗora maka abin da ba naka ba. Suga ma yana cin ƙoda, kuma ta bar ƙwayoyinta. Amma ka san abin da ya sa ta bar su. Ni ma ina da nawa, na karɓi ƙulli uku ban tambaya ko akwai na huɗu ba, na yi saurin rubuto maka albishir don ina son ka ji daɗina.

Kafin ta daina magana ta ce in yafe mata faɗan da ta yi min ranar kwata. Ta ce ita ɗacin ma ba ta so, amma duk ranar kasuwa takan zauna a bakin zaure don ta ji an kira sunana, in ta shiga ta sha sai ta ji kamar ni na miƙa mata. Ban san ranar da zan iya yafe maka wannan ba. Ba yau ba ne dai.

Ka ce ka ajiye lasifika a zaure, kana ganin ka biya ni. Ba ka biya ba. Kwalaben da ka sayar suna ƙarƙashin gadaje a Gwandu da Maruda da Dalijan, masu su suna sha safe da yamma don sun ji ɗiyar Jummai ta gwada. Shirunka ba zai kai musu labari ba. Ka ɗauko ta ka mayar kan mota. Ranar kasuwa ka tsaya inda ka saba tsayawa, ka ce duk mai kwalbar nan ya zubar, wanda ƙafarsa ta kumbura ya tafi asibiti a auna ƙodarsa. Ka faɗi sunan saiwar. Ka ce Halimatusa'adiya ta gwada, ka haɗa da sunan mahaifina kamar yadda ka yi da farko, don wannan karon gaskiya ne.

Zan shigo motar farko. Zan tsaya kusa da masu albasa, kuma ba zan rufe fuskata ba.

Halimatusa'adiya, ɗiyar Jummai